Ranar da Motar Kawu Haladu Ta Ce Ƙas-Ƙas

"…ina gajiya kuma, Tsoho? Ka tashi da kanka, ko sai da aka ɗaga ka?"

"Lafiya lau, marar kunya. Ni da na tashi gari kaf, wa zai ɗaga ni? Kai ne dai ban gani a sahu ba."

"Ina sahun baya. Idonka ne ba ya kaiwa can."

"Idona yana kaiwa har kan tabarmar da ka yi sallarka rana tana leƙo ka. Ya mutan gidan?"

"Suna gaishe ka. Sun ce yau ka yi abin kai, an ji kiran Asubarka tangararau. Kwanakin nan ai daga kai sai ƙadangarun masallaci ke jin ka."

"Murya ce, yaro, baiwa ce, ba a kasa ta a kasuwa. Yau har mutanen Kutama sai da suka juya a shimfiɗa."

"Asuwakin fa? Na ga yau bakinka ba kowa. Ko haƙoran sun ƙare ka sallame shi?"

"Na ba shi hutu. Ina ruwanka?"

Wannan da kuke ji kakana ne, Malam Abdulmuttalib, mahaifin innata, ladanin ƙaramin masallacin da ke manne da zaurensa a nan Gwarzo. Tun da na buɗi ido ban taɓa ganinsa ba asuwaki a gefen baki ba, sai in zai yi sallah ko zai ci tuwo. Ni kuwa sunana Tasi'u. Na taɓa boko na bari. Na taɓa ɗinki aka ce na karya keke. Na zauna a garejin Mudassir na bakin tasha har ran da ya ce in je in huta, zai neme ni, kuma har yau bai gama neman ba. A danginmu, in tulu ya fashe a Kabo ina Gwarzo, sai an tambaya ko na gifta ta wurin.

To sai ga Kawu Haladu, ɗan Tsohon, ya ce zai gwada ni da tsohuwar Golf ɗinsa. Ya ce in kai Malam Kabo raɗin sunan jaririn Sa'adiya, ƙanwata, in dawo da shi. In mota ta je ta dawo lafiya, ya bar min ita in riƙa lodi Gwarzo zuwa Kano. In kuwa ta yi ko tari a hannuna, in miƙo masa makullinsa, kar kuma in sake kawo masa zancen sana'a. Shi da kansa zai taho daga Sabon Birni a babur da safe, ya zauna a baya ya ga kamun sitiyarina.

Don murna, da yamma na wanke ta tas, har injin na watsa wa ruwa don ya yi sheƙi. Na ajiye ta a gindin tagar masallaci, na miƙa wa Tsoho makulli, saboda Kawu ya ce a wurinsa zai kwana, wai kar in kwashi abokai mu zaga gari.

Shi ne da safe na zo karɓa.

"Miƙo makulli, Tsoho. Direba ya iso."

"Direba? Yana ina? Ni dai yaron da ya faɗa kwata da keken aro nake gani."

"Kwatar ce ta taso ta tare ni. Shiga baya, gidan gaba na masu haƙora ne."

"In zauna a baya ka kai ni lahira ban ga hanya ba? Gaba zan zauna, in na ga Mala'ika in yi masa sallama."

Ya shiga, ya tattare babbar rigarsa, ya kafe ni da ido. Na yi bismillah na murɗa makulli.

Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas.

Na saki. Na sake murɗawa.

Ƙas-ƙas-ƙas.

"Mun iso Kabo ne?" in ji Tsoho. "Kai, amma kana da gudu. Ko girgiza ban ji ba."

"Yi shiru, sanyin safiya ne."

"Ni ma sanyin ya taɓa ni, amma na tashi. Wannan ai ba mota ba ce, ƙwanƙwasa ƙofa take. Ka ce mata masu gidan sun tafi gona."

"Nauyinka ne. Tun da ka shiga ta karaya. Shekarunka kaɗai sun fi buhun masara."

"A'a, ɗan nema. Ni na gan ka jiya da bokiti kana yi mata wankan gawa. Ka wanke ta ciki da bai, likkafani kawai ka manta. To ga shi ta amsa."

Abin da nake tsoro ke nan. In ruwan da na watsa ya shiga kik, abin nan da ke juya injin ya tashi, ya ƙone shi, to ni da mota sai dai in riƙa ɗaga mata hannu a titi.

"Ka yi shiru," in ji shi. "Ashe bakin yana da birki."

"Tunani nake."

"Kar ka fara abin da ba ka saba ba, ka ji wa kanka ciwo."

"Sauka ka je gaba ka duba min fitila."

"Ni? Ni ne yaron motarka? Na haifi wanda ya sayi motar, ja'iri!"

"To ka haifa mana wadda za ta tashi. Sauka, Kawu yana hanya."

Ya sauka yana mita, ya je ya tsaya a gaban mota, hannu a baya kamar mai taya rago. Na kunna fitila.

"Ta kama?"

"Ta kama, in dai wannan ce fitilar. Idon kakarka Marka ya fi ta haske, ita da sai ta shafa fuskata take gane ni."

"Kar ka taɓa min mata. Marka ganinka ne ba ta son yi. Tsaya, zan murɗa, ka faɗa min abin da fitilar ta yi."

Ƙas-ƙas-ƙas.

"Ta mutu. Ka sake ta, ta farfaɗo. Irinka ce sak in an ce a tafi gona."

Na danna oda. Ta yi wani ɗan kuka kamar ɗan akuya mai mura. Wallahi sai na ji wani sanyi ya ratsa ni. Zamana a garejin Mudassir bai tafi a banza duka ba, ko da rabinsa a sayen ƙosai ya ƙare. Na tuna in kik ne ya ƙone, yawanci ƙas ɗaya mota take yi ta yi gum, fitila kuma tana nan da haskenta. In kuwa ta jero ƙas-ƙas kamar mai jin ɗari, fitila tana dusashewa, to wuta ce ba ta isa. Ko batir ya yi sanyi, ko kansa bai kama ba.

"Tsoho, ba kik ba ne! Wuta ce! Batir ne!"

Na ja abin buɗe bonet na fito da gudu. Kafin in zagayo, Tsoho ya juya ya ɗora mazaunansa a kan bonet ɗin, ya harɗe hannu.

"Tashi mana."

"Na gaji. Ka sa ni tsayuwa."

"Ga dakali can."

"Dakalin da sanyi. Kai, ka bar ta haka har Haladu ya zo. Kayan mutane ne, kar ka buɗe ka ƙara ɓata wani abin."

"Yanzu ka gama cewa na kashe ta. Gawa kuma me zan ɓata mata?"

"To bari in yi mata tofi. Ta waje ma yana shiga."

"Tofinka ka ajiye wa jaririn Sa'adiya. Tun yaushe ka fara tausayin motar Kawu? Tashi, ko in ɗauke ka in kai wa Marka in ce ga tsohon kayanta na dawo mata da shi."

Ya zame a hankali, yana kallon sama kamar mai duban hadari. Na ɗaga bonet.

Jama'a, ga batir nan zaune lafiya. Amma tamina ɗaya, wato ƙarfen nan da ke cafke kan batir, bakinta a sake yake, ba noti. An cusa wani ɗan ice a tsakani an tokare ta. Na zaro icen na ɗaga shi sama. Gefe ɗaya a tattaune, ya yi ja da goro.

"Tsoho."

"Na'am."

"Ashe nan ka kawo shi hutun?"

"Wa?"

"Asuwakinka!"

Ya matso, ya ƙanƙance ido, ya duba shi sama da ƙasa kamar bai taɓa ganin ice ba.

"Wannan ai da shi aka ƙero motar. Turawa ma suna asuwaki."

"Turawan suna cin goro?"

"Na ƙasarsu. Ka taɓa zuwa?"

"Dubi taunar. Gefe ɗaya kawai aka ci, gefen hagu. Duk Gwarzo mutum nawa ne turmin haƙorinsa na hagu kaɗai ya rage?"

"Ɓera ne."

"Ɓeran da ya buɗe ƙofa da makulli, ya ja bonet, ya kwance noti, sannan ya yi asuwaki? Wannan ɓeran ai ya isa a ba shi limanci."

Ina faɗar haka idona ya kai kan tagar masallaci. Ga wata jar waya an naɗe ta a gaggauce an rataye a ƙarfen tagar, bakinta a feɗe. Sai komai ya faɗo min lokaci guda: batirin lasifikar masallaci da ya kumbura tun kwanaki, wutar da ba a kawo ba, da kiran Asubar da aka ji har Kutama.

"La ilaha illallahu! Baiwa! Murya! Ashe muryar Kawu Haladu ce ka ara!"

"Rage murya, maƙwabta na ji."

"Da asuba ba ka ce a rage ba! Kai aka ba ajiyar makulli don kar ɓarawo ya taɓa mota, ashe ɓarawon aka ba!"

"Wa ya yi sata? Mota tana zaune a gindin taga ba aikin fari ba na baƙi, cikinta cike da wuta, Musulmi suna ta barci. Na ɗan sassauta notin na saƙala waya, na yi kira, na cire. Sadaka na yi wa Haladu bai sani ba."

"To notin fa?"

"Ya tafi."

"Ina?"

"Ban tambaye shi ba. Na ga bakin yana rawa, na ce bari in tokare shi. Ku ba ƙusa kuke cusawa ba? Na ga asuwaki ya fi ƙusa tsarki."

"Wuta ba ta bin ice, Tsoho!"

"Wa ya faɗa maka? Da me Marka take dafa tuwo?"

Na bar shi da wannan, don ba lokaci. Kan batirin duk ya yi wani farin gari kamar an barbaɗa kanwa, ga danshin wankan jiya. Na leƙa zaure na ƙwala kira.

"Marka! Amaryata! Taimaki mijinki na gaskiya da ruwan zafi!"

Daga ciki kakata ta amsa, "Ga shi nan a buta, na shayin wancan ne. Ɗauka, in ya so ya sha iska!"

"Kin ji ki!" in ji Tsoho. "Shekara da shekaru ina ciyar da ke, ki ba ɗan tasha ruwan shayina?"

Na tsiyaya ruwan a kan batir, farin garin ya narke ya bi gefe. Na miƙa hannu.

"Kawo wuƙar fiƙe alƙalaminka."

"Wuƙar da nake rubutu da ita?"

"Wadda ka fiƙe asuwakin da ita dai. Kawo."

Ya ba ni yana tsaki. Na kankare kan batir da cikin tamina har suka yi fari ƙal, na goge da gefen rigata. Na mayar, amma ba noti sai rawa take. Na zaro wata 'yar ƙusa daga jikin bencin zaure, na cusa, na buga da dutse.

"Ka ga," in ji shi, "dabarata ce dai ka sata. Ka canja ice kawai."

Na shiga na murɗa. Gurr… gurr… Sai ƙusar ta yi tsalle ta faɗa ƙarƙashin injin.

Ƙas-ƙas-ƙas.

A daidai nan na jiyo babur daga kan kwana. Duk Gwarzo ba mai salansa irin ta Kawu Haladu, tun daga nesa take gaishe da mutane. Ya tsaya gaisawa da masu shayi a bakin layi, ina hango hularsa.

Na durƙusa ina laluben ƙusa a cikin ƙasa. Na laluba ko'ina, ban same ta ba. Raha ta ƙare min kaf. Na ce, ba tare da na ɗago ba, "Shi ke nan, Malam. Zai zo ya tarar da ita a mace, bonet a buɗe, ni a ƙasa. Ko me aka ce masa, ni ne dai. Kullum ni ne."

Tun da nake, ban taɓa kiran Tsoho Malam ba sai a gaban baƙi.

Sai na ji yana laluben aljihu. Ya fito da carbi ya mayar. Ya fito da ɓarin goro ya mayar. Sannan ya miƙo min tafin hannunsa: ga noti, ga 'yar sifana mai lamba goma.

"Tashi, shashasha. Jikana ba ya kuka a titi, sai dai ya sa wasu."

"Yana aljihunka tun ɗazu?"

"Na yi na yi ya hau, ido ya ƙi, yatsu suka ƙi. In kuma na ba ka tun farko, ai na amsa laifi ke nan ba a tambaye ni ba. Yi sauri, kana surutu kamar kakarka."

Ban san lokacin da na ɗaura notin nan ba. Na ɗaure shi tam, na girgiza tamina da hannu, ko motsi. Na faɗa kujera, na yi bismillah da ƙarfi har Marka ta amsa daga ciki, na murɗa.

Vuuum!

Wayyo daɗi. Na taka totur ta yi gurnani, hayaƙi ya tashi, kajin Marka suka watse. Na danna oda, ta yi ƙara har mai shayi ya waiwayo. Ban taɓa jin waƙar da ta kai kukan tsohon injin nan daɗi ba.

Kawu Haladu ya faka babur, ya durƙusa ya gaishe da mahaifinsa, ni ma na fito na zube na gaishe shi. Ya amsa yana kallon mota.

"Me ya sa bonet a buɗe? Tasi'u, me ka taɓa?"

Na buɗe baki zan ce man inji nake dubawa. Tsoho ya riga ni.

"Haladu, yau motarka ta riga ka samun lada. Ita ta yi kiran Asuba."

"Ban gane ba, Malam."

"Batirinta na jona wa lasifika. Na zo mayarwa na kasa, na tokare da asuwaki, ta ƙi tashi. Ni na kashe ta. Wannan marar kunyar ya bi ta daki-daki, daga fitila har oda, ya gano, ya tashe ta. Ban so faɗa ba, don kansa zai ƙara girma, ga shi dama hula ba ta shigarsa."

Kawu ya dubi jar wayar da ke taga. Ya dubi asuwakin da ke hannuna. Ya sunkuya ya kama tamina ya girgiza, ta ƙi motsi. Na ga gefen bakinsa yana rawa, yana ta fama kar ya yi dariya a gaban mahaifinsa.

"Malam, makullin da na ba ku ajiya don kar yaro ya taɓa motar?"

"To ai bai taɓa ba."

Nan Kawu ya kasa. Ya juya baya, kafaɗunsa suna girgiza. Da ya samu kansa ya rufe bonet, ya ce, "Mu tafi kar a raɗa suna ba mu. Tasi'u, in ga hannunka a titi. Amma daga yau makulli a wurinka zai riƙa kwana. Batirin masallaci kuma ni zan kawo, a bar min motata ta huta da ladanci."

Na ce "To, Kawu," a hankali kamar mutumin kirki. A cikina kuwa ganga ake bugawa.

Muka shiga, Kawu a baya, Tsoho a gaba. Na sa giya, muka hau titin Kabo, mota tana tafiya sumul kamar ba ita ta gama ƙwanƙwasa ƙofa ba. Can Tsoho ya zunguro ni da sifana.

"Ungo. Kyauta na ba ka."

"Ta cikin motar ce fa. A akwatin gaba ka ɗauka."

"Ɗazu tana aljihun wa? Yanzu tana hannun wa? To kyauta ke nan. Ka ce na gode."

"Na gode, ɓarawon wuta."

"Madalla, ɗan kwata. Miƙo min asuwakina."

"Ya sha ruwan batir. Kana sa shi a baki turmin hagun ma ya yi sallama, mu koma dama maka kunu."

"To jefar."

"Wa? Ni? A madubi zan rataye shi. Duk fasinjan da ya tambaya in ce kayan gyara ne, ƙirar Malam Abdulmuttalib, ba a samu ko a Kano."

Tsoho ya dube ni, ya dubi icen yana lilo a jikin madubi. Sai ya fashe da dariya har rawaninsa ya zame, turmin hagun nan ya fito fili. Ya ciro ɓarin goron aljihunsa ya danna min a hannu.

"Ci, ja'iri. Yau kam ka kayar da ni. Kalli titi, kar ka kai mu kwata."